Bugu na Tara

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zai kwashe ranar da Malam Yusuhu ya zauna gaban ordinata, wato kwamfuta, don a gwada shi. Wata Talata ce, bayan girbin hatsi, cikin tsakiyar shekarun 1990. Ku da kuka tarar da aikin nan da na'urori masu magana, ku saurara, don ku san yadda muka fara.

A lokacin ina aiki a wani asibitin mishan da ke yankinmu na Madawa. Ni ban yi lakwal, wato makarantar boko, mai zurfi ba. Karatun allo na yi, kuma da ajami aka fara ɗaukata, ina rubuta sunayen marasa lafiya a bakin ƙofa. Daga baya na koyi boko da buga mashin na rubutu, aka mai da ni sakatare. A bayan sashen idanu akwai wani ɗan biro, wato ofis, na makafi. Waɗanda likita ya tabbatar idonsu ba zai dawo ba, can ake koya musu rubutun makafi, wato ƙananan ƙuraje da ake hudawa a takarda mai kauri, a karanta da yatsa.

Malam Yusuhu ne ke riƙe da biron. Kirista ne, daga wani ƙauye kusa da Bangi, ya girme ni da kusan shekara goma. Ƙyanda ce ta ɗauke masa ido tun yana yaro. Da hannu yake huda kowane shafi, da ɗan allon ƙarfe da tsinke, har tafinsa ya yi kanta. Ni Musulmi ne, amma akushi ɗaya muke ci. In na tashi salla yakan ce, "Habu, ka saka ni ciki, ko da a ƙarshe-ƙarshe ne."

Sai aka kawo ordinata daga Turai, da wata na'ura mai huda takarda da kanta. Cikin ordinatar akwai abin da yau kuke kira manhaja, mu lojisiyel muke cewa. Aikinta ta juya rubutun boko zuwa na makafi. Abin da Malam Yusuhu ke hudawa a mako guda, na'urar kan fitar kafin a gama shan shayi, da ƙara kamar injin niƙa. Sai dai ordinatar ba ta magana. Duk abin da take so, a gilashinta take rubutawa, da Faransanci.

Baturiyar da ke shugabantar sashen, Madam muke ce mata, ta kira mu ta yi mana bayani. Majalisar asibiti ta ce mutum ɗaya ne zai zauna a biron. In Malam Yusuhu ya iya tafiyar da na'urar shi kaɗai, wurin nasa ne, ni in koma biron karɓar marasa lafiya. In bai iya ba, a sallame shi, a ɗora ni. Ta ba mu wata biyu. Ta miƙa mini makullin biron, da sharaɗi guda: kada a kunna ordinata sai da saninta.

Da muka fito Malam Yusuhu ya ce, "To, mai ido biyu, abincina ya shiga hannunka."

Na ce, "Malam, in Allah ya yarda, sai ka hi ni iyawa."

Buga haruffa bai ba shi wuya ba, cikin mako biyu yatsunsa suka san wurinsu. Wuyar tana bayan an gama rubutu. Sai an ajiye shi da suna, a zaɓi juyawa, a zaɓi harshe, a aika wa na'urar huda. Na zauna na ƙidaya, na ga bugun maɓalli goma sha bakwai ne. Na rubuta su da ajami a takarda, na koya masa yadda aka koya mini karatu: in faɗa, ya maimaita, har ya zama hadda. Ƙasa uku, shiga. Dama ɗaya, shiga. Har rera shi yake yi da muryar makarantar allo, yana kaɗa kai, yana ce mini, "Alaramma, a ƙara mini wanke allo."

Ga inda na yi kuskuren farko. Kullum da suna ɗaya muke ajiye rubutun, GWAJI. In akwai wani rubutu mai wannan suna a ciki, ordinatar kan tsaya ta yi tambaya a gilashi: a shafe tsohon ko a bari? Ba ta ci gaba sai an amsa. Ni na san da wannan. Amma sai na ga kada in rikita masa hadda. Don haka bayan kowane darasi, in ya fita, sai in shafe rubutun da kaina. Wata biyu ina share masa hanya, ban taɓa gaya masa akwai wurin tuntuɓe ba. A ganina tausayi ne.

Ranar Litinin, ana gobe gwaji, Madam ta tafi Madawa wani aiki. Hankalina ya ƙi kwanciya. Bayan la'asar na buɗe biro na kunna ordinata ba da izini ba, don in tabbatar komai lafiya. Na bi bugu goma sha bakwai, takarda ta fito daidai. Kafin in shafe rubutun, sai aka kashe gurup, injin da ke ba mu wuta. Na ce da safe zan gyara. Da safe kuwa na tarar Madam ta riga ni zuwa, ita da babban likita, suna zaune.

Madam ta ce kada kowa ya yi magana har a gama. Ta karanta wa Malam Yusuhu ɗan bayani a kan yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, ya buga shi tsaf, ba kuskure ko ɗaya. Likita ya gyaɗa kai. Sai Malam Yusuhu ya shiga hadda. Ina tsaye bayansa, ina ƙidayawa a zuci. A bugu na tara tambayar ta fito.

Shi bai sani ba. Ya ci gaba har goma sha bakwai, ya ɗora tafinsa a kan na'urar huda yana jiran ta girgiza. Shiru. Ya share hannunsa a riga, ya sake daga farko. Shiru. A karo na uku leɓunansa na motsi, yana karanta haddar a hankali, ko ya tsallake wani abu. Bai tsallake komai ba.

Madam ta leƙa gilashin. Ta ce, "Akwai wani rubutu mai wannan suna. Daga ina ya fito?"

Ni ta fara kallo. Na sunkuyar da kai. Na ce wa raina, ai a gaban malamai ba a buɗa wa mai hadda, kuma an ce kada kowa ya yi magana. Amma wannan tambaya ce aka yi, ba hadda ba. Gaskiyar ita ce tsoro na ji, kada a ce na ci amanar makulli.

Likita ya ce, "Wataƙila ya ajiye sau biyu bai sani ba. Abin da nake gudu ke nan. Na'urar tana tambaya, shi kuwa ba ya gani."

Malam Yusuhu ya laluba sandarsa ya miƙe. Ya ce, "Na gode, likita. Na gode, Madam." Da na buɗe baki na ce ni ne, da an shafe rubutun an sake gwajin, da ya ci. Ƙarshen watan aka sallame shi, na raka shi tasha ina riƙe masa kaya.

Na riƙe biron, amma ni ba na karatu da yatsa. Takardu na fita da yawa, ba mai shafa su ya ce nan daidai, nan an lalata. Makafin da ke zuwa suka riƙa raguwa. Wata tsohuwa ta ce mini, "Ɗana, kai gaya muna kakai, shi kuwa kama hannunmu yakai."

Sai bayan damina biyu na iya zuwa wurin Malam Yusuhu. Ranar kasuwar Bangi na shiga mota, daga can na taka zuwa ƙauyensu. Na same shi a gindin bedi, wato darbejiya, yana tufka igiyar kaba. Tun daga sallama ya ce, "Habu ne. Har yanzu kana jan ƙahwar hagu."

Bayan na sha ruwa na gaya masa komai, ban rage ba. Hannunsa bai bar tufka ba.

Ya ce, "Na sani."

"Wa ya hwaɗa maka, Malam?"

"Kai. A bugu na tara na ji ka ja numhwashi ka riƙe. Na san ka ga wani abu. Shi ya sa na sake har sau ukku. Ba na'urar nike jira ba."

Da ƙyar na tambaye shi me ya hana shi tona ni.

"In ce mi? In ce alarammana ya ɓoye mini aya?" Ya ɗan yi dariya. Sai ya ce, "Ita ordinatar, mi taka so a amsa mata?"

Na ce harafi ne, O, farkon kalmar "oui", wato "i" da Faransanci.

"Guda?"

"Guda, Malam."

A nan ne ya ajiye igiyar. Daga baya ya ce, "Shirun ranar nan na yahe maka tun cikin mota. Kowa na jin tsoro. Wata biyun nan ne ka yi mini ciwo. Makaho ba share mishi hanya akai ba, Habu. Hwaɗa mishi akai inda ramin yake."

Na koma da niyyar in gaya wa Madam, amma ta riga ta tafi ƙasarsu, wanda ya gaje ta kuma bai san wani Yusuhu ba. Wurin bai koma hannunsa ba har Allah ya karɓi ransa.

Waɗanda suka ƙera na'urar nan don makafi suka yi ta, amma da mai ido take shawara, kuma na daɗe ina ɗora musu laifin duka. Nasu rabon yana nan. Nawa ya fi. Don haka in an ba ku makaho ku koya masa aiki, kada ku tsaya a inda komai ke tafiya daidai. Ku kai hannunsa duk inda na'ura ke tsayawa, ku bar shi ya ɓata, ya gyara da kansa. In kuma an tambaya wa ya yi, kuma ku ne, ku amsa tun mutumin yana zaune a kujerarsa. Allah ya yafe mana abin da muka sani muka yi shiru.