Matan da na tarar kwance a gindin Zuma

Takalma na fara gani. Silifas da takalman ofis, jere a ƙofar wani gida mai jan get, kuma ko tari ba a ji daga ciki. A unguwarmu, in ka ga takalman mata da yawa babu hayaniya, to rasuwa aka yi.

Mun tashi daga unguwarmu Magajiya bayan sallar asuba, ni da ƙanwar Ummata, wadda muke kira Anti. Ran Litinin zan fara jarrabawar ƙarshe. A ta gwaji, ana ajiye mini takarda ƙirjina ya ɗaure, numfashi ya gagara, sai a ofishin shugaban makaranta na farfaɗo. Asibiti sun ce lafiyata ƙalau, fargaba ce. Anti ta ce za ta kai ni inda take yoga. Umma ta ɓata fuska.

"Ba bautar Indiyawa ba ce?"

"Yaya, miƙa ce da numfashi. Likita ya tura ni saboda hawan jini."

Mai Keke ya ƙara kuɗi don an yi ruwa, Anti ta yi masa tatas har muka hau babban titi. Motocin masu sammakon Abuja na fesa mana ruwa, masu gasa masara suna ta fama da jiƙaƙƙen gawayi. Can sai dutsen Zuma ya fito. Gajimare ya rufe kansa, ya bar fuskar nan mai kama da ta mutum kawai, da baƙin ruwa yana gangarowa ta wajen idanun. Na sunkuyar da kai. Duk inda Keken ya juya, ji nake yana bin mu da kallo.

Da Anti ta tura get ɗin, sai na ja na tsaya. Mata ne kwance a tabarmi, rigingine, sahu-sahu, kowacce lulluɓe da mayafi tun daga kai har yatsun ƙafa. Babu mai motsi. Dutsen ya leƙo ta saman katanga. Wata doguwar mace tana zagaya su a hankali, babu takalmi. Na fara salati a zuci, ƙirjina ya soma ɗaurewar nan.

Sai ɗaya daga cikin gawarwakin ta ja minshari.

"Hajiya, an ce a huta, ba a ce a tafi ba," in ji wata daga ƙarƙashin mayafi. Duk mayafan suka hau girgiza da dariya.

Ashe ƙudaje ne suka dame su, ga magina a benen maƙwabta, shi ya sa suke lulluɓewa in an zo kwanciyar ƙarshe.

Doguwar matar Bayarabiya ce, ita ke koyarwa. Ta dubi yadda nake haki, ta ce, "Yarinya, kai yana numfashi da wuya kamar kaza. Kwanta." Ta ɗora tafinta a cikina, ta ce in tura hannun sama da iska, in sauke shi a hankali. Da farko na kasa. Ta jira. Sannu a hankali ɗaurin ya saki, har na ji kukan tsuntsaye. Muka yi miƙa iri-iri, bayana ya yi ƙas, Hajiya mai minshari ta fi ni lanƙwasuwa nesa ba kusa ba.

A hanyar dawowa na ci masara da kwakwa, na lura rabona da jin yunwa tun satin jiya. Abin da na gane shi ne, tsoron bai tafi ba, amma yanzu na san inda zan kama shi.

A gida na shimfiɗa tabarma na gwada. Ni kaɗai, sai iskar ta maƙale a wuya. Umma na tsaye a bakin ƙofa, ta riƙe haɓa. Ban saba roƙonta komai ba, amma na ce:

"Umma, don Allah zo ki ɗora hannunki a cikina. Kada ki ɗauke sai na ce."