Tsumman Ƙafar Kaza

A shekarata ta biyu a ɗakin bincike, aikina shi ne kallon yadda mitokondiriya, 'yan jakunkunan da ke ba ƙwayar halitta ƙarfi, suke rabewa biyu. Wani furotin ne ke zagaye su kamar zobe, ya matse har su tsinke. Ba a ganinsa, sai an liƙa masa alama mai hasken kore. Wata huɗu ina liƙawa. Yana haske tar a madubi, amma ɗan banzan ya ƙi tsinka komai, jakunkunan sai tsawo suke yi kamar taliya.

Na tafi gida Lakwaya raina a ɓace. Da hantsi na tarar da Inna tana kwance wa wata kaza tsumma. A unguwarmu kowace mace da launin tsumman da take ɗaura wa kajinta, kada su cakuɗe da na maƙwabta. Wannan daga Kabo aka kawo mata ita, da ƙaton ƙulli a ƙafa, tana ɗingishi, ta daina tono.

"Da ƙafar take neman abinci," in ji Inna. "Wa ke ɗaure ƙafa?" Ta yago siririn ƙyalle ta ɗaura mata a fiffike. Kazar ta ruga juji.

Da na koma aiki na mayar da alamar ɗaya ƙarshen furotin ɗin. Ranar da zoben kore ya matse, zaren ya rabu biyu, Inna na fara kira.

Ta ce, "Madalla. Kazar ma ta fara ƙwai."