Ɗayyabu Mai Tsintar Dabino

Gyara zama, Afra'u, ki rubuta. Labarin Ɗayyabu ne, ɗan ƙanwata Indo, wanda kike gani da kwando a gonar dabinon Alhaji Falalu, nan bayan Dutse.

Ɗayyabu ba mahaukaci ba ne, kansa ne ba ya riƙe abu da wuri. An sa shi makarantar allo, sa'o'insa suka sauke yana ƙananan surori. An kai shi boko, aka dawo da shi. Har ya yi gemu yana zaune a ƙofar gida, wanda ya ga dama ya aike shi, a sallame shi da ɗumame.

Wata shekara dabino ya nuna, Alhaji ya rasa ma'aikata, na ce ya gwada shi. Aikin tsinta ne: a ware mai kyau, a cire wanda tsutsa ta ci ko tsuntsu ya ɓata, a shanya a tabarma. Yau a nuna masa, gobe ya manta, a sake nunawa, har hannunsa ya saba. Ba shi da sauri, amma in ya zauna ba ya tashi sai ya ga ƙasan kwando.

Ana nan, rannan sai ya ƙi zuwa. Indo ta yi lallashi, ta yi faɗa, ya juya mata baya. Alhaji ya aiko cewa in bai dawo ba zai sa wani, kar dabino ya lalace. Hankalina ya tashi, don in ya rasa wannan, ƙofar gida zai koma.

Na same shi a gindin darbejiya, na ce, "Ɗan Indo, wani ya zage ka?"

"A'a, Kawu."

"To gajiya ka yi?"

Ya daɗe yana tona ƙasa da tsinke, sannan ya ce, "Ni ba ma'aikaci ba ne. Ran Alhamis ana kiran kowa. Idirisu, a ba shi. Mujahid, a ba shi. Ni ba a kira na."

Ashe Alhaji gida yake aika kuɗin aikinsa wajen uwarsa, wai kar a cuce shi a hanya. Indo kuwa hatsi take saye, bai taɓa zuwa ranta ta gaya masa ba. Kowa gani yake gata aka yi masa.

Na je wajen Alhaji. Ya ce, "Baba, wallahi cikakke nake bayarwa."

Na ce, "Na sani. A hannunsa za ka sa, a gaban mutane."

"In aka cuce shi a kasuwa fa?"

"Kai ba a taɓa cutarka ba?"

Ya yi dariya ya ce, "Ni? Ko makon jiya."

Na koma na gaya wa Ɗayyabu, ya ɗauki kwandonsa. Ran Alhamis ina tsaye aka kira sunansa. Ya miƙe, ya kaɗe riga, ya karɓa hannu biyu. Bai tsaya ko'ina ba sai gaban uwarsa. Ya ce, "Inna, ga shi, a sayi gero." Ta ɗebi na gero ta mayar masa da saura.

An cuce shin kuwa. Wani ya sayar masa da tocila marar aiki, ya ɗan yi fushi, yanzu sai ya kunna abu yake biya. In dabino ya ƙare, Alhaji kan mai da shi ban ruwan 'yan dashe, ba ya zama. Takalmin nan na ƙafata ma shi ya sayo min. Ya ɗan yi min yawa, ban dai gaya masa ba.