Ƙwallon da Nicanor Ledesma Bai Ci Ba

Nicanor Ledesma bai taɓa cin ƙwallo ba a rayuwarsa. Shekara tara yana buga lamba uku a bayan 'Yan Reluwe, ƙungiyar garin Puerto Almirón da ke bakin kogin Paraná, ƙwallonsa ba ta taɓa lasar raga ba, in ban da guda ɗaya da ya ci gidansu, ita kuwa ba a sa ta a lissafi. Ranar da wani ƙaton ɗan gaba ya tattake masa gwiwa, a kan ƙyauren ɗakin canza kaya aka fitar da shi daga fili. Tun daga nan gari ya laƙaba masa Gurgu, shi kuma ya amsa.

Yana kwance da filasta Amadeo Sosa ya zo duba shi. Amadeo shi ke kawo wasa kai tsaye a Rediyo Camalote duk Lahadi, kuma Allah ya ba shi maƙogwaro, wannan kam ko maƙiyinsa ba zai musa ba. In ya ja "gooool", mace sai ta je ta sauke tukunya ta dawo bai dire ba, sannan ya kira sunan wanda ya ci sau uku. Amma bai san ƙwallo ba. Yana ganin mutum ashirin da biyu suna gudu, bai san abin da ya sa suke gudun ba.

Ya ce, "Gurgu, ƙafa ta tafi, amma kan yana nan. Zo ka zauna gefena ka riƙa gaya wa mutane dalilin da ya sa ake cinmu."

Nicanor ya ce, "Wannan ai aikin kowane mako ne."

Shekara ashirin da shida suka yi a ɗan ɗakin gilashin da ke saman rumfar 'yan kallo, ɗakin da in ɗaya ya yi atishawa sai ɗayan ya goge fuska. Amadeo na ihu, Nicanor na sharhi a nutse, yana faɗin inda za a ɓarke tun minti goma kafin a ɓarke. Shi ke zuba musu mate, shayin nan mai ɗaci da suke zuƙa da bututu ɗaya daga ɗan ƙoƙo ɗaya. Shi ya riƙe Delia, 'yar Amadeo, ranar da aka yi mata baftisma. In gidan Amadeo an gasa nama, haƙarƙarin farko nasa ne.

Akwai abin da su biyu kaɗai suka sani. Shekara tara da suka wuce ciwon suga ya fara cin idon Amadeo. Daga ɗakin nan yana ganin motsi dishi-dishi, amma launi da lamba da fuska sun ɓace masa. Ranar da ya gaya wa Nicanor, kuka ya yi, hawaye shaɓe-shaɓe, ƙato da shi. Lahadin da ta biyo sai Nicanor ya zo da murfin kwalin takalmi, ya zana fili a kai, ya rubuta sunayen 'yan wasa da manyan baƙaƙe, kowa a gurbinsa. Ya ajiye a gaban Amadeo, dab da hancinsa, ya riƙe fensir. Duk wanda ƙwallo ta je ƙafarsa, fensir ya sauka a kan sunansa, bakin Amadeo ya faɗa. Da tafiya ta yi tafiya sai bakin ya daina tsayawa tambayar ƙwaƙwalwa, fensir kawai yake bi. Gari kuwa ana ta cewa, kai, Don Amadeo ido gare shi kamar shaho.

Sai tsohon mai gidan rediyon ya mutu, magada suka sayar wa wani Fulvio Rolón, mai shagunan taya, mutumin da bai san bugun kwana daga bugun tazara ba. Yana da suruki wanda ya yi karatun jarida a birni, yana yawo da kwamfuta a hammata, ana nema masa kujera.

Wata Alhamis da rana Nicanor na ɗakin na'urori, ya sa abin ji a kunne yana gwada layi. Wani ya manta makirufon ɗakin gabatarwa a buɗe. Sai ga muryar Rolón, yana cewa shi ba ya son raba tsofaffin abokai, in Don Amadeo ya ce a bar Gurgu, a bar shi, surukin ya jira.

Nicanor ya ji abokinsa ya yi dariya. Dariyar nan da ya sani kamar tafin hannunsa.

"Haba, Don Fulvio! Wa ke kunna rediyo don ya ji Gurgu? Shekara ashirin da shida ina ɗauke da shi a wuya, don tausayi. Mai zuba mini mate ne kawai. Ka bari ya gama wasan Lahadi, a ba shi ɗan agogo, a tafa masa."

Daga nan ya rage murya ya ba Rolón albishir: mutanen talabijin na babban birnin lardi za su saurari wasan Lahadi, suna so su ɗauke shi. A can a gaban allo ake kawo wasa, ƙaton allo, kusa da fuska. Nan Nicanor ya gane komai. Mutumin ya samu allo, ba ya bukatar fensir, kuma ba ya son ya bar wanda ya san asirinsa zaune a kujera.

Nicanor ya cire abin jin a hankali, ya naɗe wayar yadda ya saba, ya rataye. Da suka haɗu a baranda har Amadeo ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Aminina, Lahadi fa sai ka wanke ido." Nicanor ya ce in Allah ya so.

A gida matarsa, Eduvigis, tana murza chipá, ɗan burodin rogo da cuku, ta saurare shi har ƙarshe. Ta buga kwano a tebur.

"Makahon banza! Tashi mu je gidansa, ni zan faɗa masa a gaban matarsa. Ko ka hau rediyo ka tona shi."

"In na faɗa, za a ce baƙin cikin kora ne."

"To sai ka zauna a ba ka agogo?"

"Ba ni zan faɗa ba, tsohuwa. Shi zai faɗa."

Wallahi bai huce ba, kada wani ya ce maka Nicanor mai haƙuri ne. Kwana uku abinci ba ya wuce masa. Kujerar ba ta dame shi sosai ba, kalmar nan ce, mai zuba mate, ita ke tsaye masa a ƙirji. Ran Asabar ya sayi sabon kwali, ya zana fili da kyau fiye da kullum. Sannan ya yanko wata 'yar takarda daidai faɗin suna ɗaya, ya yi rubutu a kanta da manyan baƙaƙe, ya sa a aljihun riga.

Lahadin nan ba irin sauran ba ce. Shekara sittin da ɗaya 'Yan Reluwe na maƙale a ƙaramin rukuni, in suka ci yau sun hau. Tun azahar gari ya kwashe ya koma fili, waɗanda ba su samu shiga ba suna kan rufin gidaje da kan tsofaffin taragu. Masunta a kogi, marasa lafiya a gado, kowa da rediyonsa a kunne. Kuma kowa ya sani, kiran ƙwallo irin wannan ba ya mutuwa. Ana naɗarsa, a sa shi a bukukuwa, jikoki su haddace.

Nicanor ya yi aikinsa tsaf. Fensir bai kuskure ko sau ɗaya ba. Ya zuba mate ya miƙa, ya yi sharhin da bai taɓa yin irinsa ba, ya ce a lura da ɗan bayan baƙi na dama, ƙafafunsa sun mutu, ta nan za a shiga. Amadeo na ta zuba, murya na fita kamar shekarunsa talatin. Aka tafi hutu babu ci. Aka dawo, aka kai minti tamanin babu ci. Nicanor ya fara jin tsoro, ba don ƙungiya ba, Allah ya yafe masa, sai don kada a tashi canjaras takardarsa ta kwana a aljihu.

Minti tamanin da bakwai, aka ɓarke ta dama, daidai inda ya faɗa. Aka yanko ƙwallo sama, Tadeo Ayala, lamba tara, ya tashi ya sa mata kai. Raga ta girgiza.

Amadeo ya miƙe tsaye, ya rufe ido, ya buɗe maƙogwaro. "Gooooool!" Ya ja, ya ja, gilashi na rawa, fili na neman rushewa. Nicanor ya zaro takardar, ya shimfiɗa a kan sunan Tadeo, ya ɗora fensir.

Numfashi ya kusa ƙarewa, Amadeo ya sunkuyo, bakinsa ya bi fensir kamar kullum.

"Nicanor Ledesma! Nicanor Ledesma! Nica…"

A nan ya tsaya. Duk lardin ya ji tsayuwar.

Nicanor ya jawo makirufonsa, da muryar nan tasa mai sanyi. "Na gode, Don Amadeo. Shekara tara ina bugawa ban ci ba, sai yau da nake da shekara hamsin da takwas da gwiwa ɗaya. Masu sauraro, Tadeo Ayala ne ya ci, da kai. Yaron yana tsaye a gabanmu, ya cire riga yana ɗaga mana hannu. Don Amadeo, gaya musu, wane launi ne singiletin da ke jikinsa?"

Ba a jin komai sai ihun fili da numfashin mutum ɗaya.

"Ja ne," in ji Nicanor. Ya ajiye fensirin a kan kwali, ya ɗauki ƙoƙonsa da fulas, ya fita yana ɗingishi. Minti shida suka rage har da na ɓata lokaci, kuma Amadeo ya kawo su shi kaɗai, yana cewa "wani ya ba wani, wani ya buga waje". Mutanen talabijin ba su kira ba.

Gari ya yi mako guda yana shagali, kuma duk inda ka juya naɗin nan ake sawa. An yi ƙoƙarin gyara shi, surukin Rolón ya yanke ya liƙa da kwamfutarsa, mutane suka ce su na asali suke so. Uwar Tadeo ta tare Nicanor a kasuwa ta zage shi tas, ta ce ɗanta ya ci ƙwallon shekara sittin an ba gurgu. Ya cire hula ya tsaya har ta gama, don ita kam tana da gaskiya. Ita kaɗai ya taɓa ba haƙuri. Delia ta daina gaishe shi, wannan ya yi masa ciwo, bai ɓoye ba, amma da Eduvigis ta tambaye shi ko ya yi nadama sai ya ce da za a maimaita, da ya ƙara girman baƙaƙen.

Yanzu yana sharhi a wata ƙaramar tasha da ke bayan kantin magani, mutum ɗari ne ko ba su kai ba ke jinsa. Amadeo kuwa yana zama a bencin dandali da baƙin tabarau da sanda. Wata safiya Nicanor ya zo wucewa da jakar burodi, tsohon ya gane ɗingishin a kan dutse.

"Gurgu? Kai ne?"

Nicanor ya dakata.

"Zo ka zauna mana. Ga mate, ruwan da zafinsa, ba na iya zubawa, ƙona hannu nake yi."

Nicanor ya dubi fulas ɗin, ya dubi yatsun da suka yi jawur.

Ya ce, "Ai ka san sunana, Don Amadeo. Duk lardi ya ji ka faɗa."

Ya gyara riƙon jakarsa ya wuce.