Ƙwayar Gishiri a Randar Gwaggo

Sakkwato zuwa Boɗinga

Ƙarfe shida saura kwata, ina idar da sallar asuba, na kama hanyar tasha da gwangwanin madara cike da auduga. Shekarar tsuke bakin aljihu ce, an daina kawo mana kayan gwaji a ɗakin binciken da nake aiki. Da muka rasa na kanti sai muka tace gishiri daga tsamiya. In ƙwayarsa ta girma garau kamar gilashi, aka harba mata hasken leza wanda ido ba ya gani, sai ya fito kore. Wani abokin aikina zai tafi Turai jibi inda injin lezar yake, kuma ƙwaya guda mai kyau yake jira.

Rainonta yana son sanyi marar canzawa, wutar lantarkinmu kuwa sai ta ga dama. Shi ya sa wata uku baya na kai kwalbar da nake rainon ƙwayar a ciki garin Horo Birni, na sa cikin randar Gwaggo Hassi, ƙanwar mahaifina, na ce ko murfin kada ta taɓa.

Motar kiya-kiya ta sauke mu Boɗinga bakwai da minti goma. Na sha koko da ƙosai na kwabo talatin.

Shagari

Daga nan akori-kura na hau, bisa buhunan albasa. A shingen hanya aka buɗe gwangwanina, aka ga auduga zalla. Direba ya ce, "Ku bar shi, ɗan boko na. Gishiri za shi ɗaukowa, sai ka ce babu shi Sakkwato." Muka isa Shagari tara da rabi, wani mai babur ya ƙarasa da ni.

Horo Birni

Ban gama gaisuwa ba Gwaggo ta ce, "Abin nan naka na buɗe shi."

Wata uku, ga jibi a bakin ƙofa.

"Gwaggo, ba na ce kada ki taɓa ba?"

"Ka ce. Amma ƙanana sunka tsiro gindin kwalba, sun fi goma. Wa ka barin gero goma rami guda? Ko ɗaya ba ya zangarniya. Duk Jumma'a ni kan sa tsinke in cire su, in bar babbar."

Na ɗaga kwalbar a bakin ƙofa. Ƙwayar na rataye a zarenta, ta kai kan babban yatsana, babu tsaga babu gajimare. Shekara biyu ina raino da littafi da ma'aunin zafi ban taɓa samun rabinta ba. Kunya ta kama ni, daɗi kuma ya fi ta.

Ta miƙo mini kunun tsamiya na shanye, sannan na ce, "To, ƙananan fa?"

"Kunun da kash sha yanzu fa? Ai tsamiyata ce, ba ni zubar da ita."

Komawa

Bayan azahar na shanya ƙwayar a inuwa, na kwantar da ita cikin auduga. Har Sakkwato gwangwanin na kan cinyata, duk ramin da mota ta faɗa sai na yi salati. Ana kiran magariba na shiga gida lafiya, godiya ta tabbata ga Allah.

Bayan wata biyu wasiƙa ta iso: haske ya fito kore. Na aika aka karanta wa Gwaggo tare da godiyata. Amsar da ta aiko ita ce in zo in ɗauke kwalbata, tana son randarta.