Dutsen da Madugu Ya Kankare

A unguwar Aƙiƙ ta Madina gidanmu yake. Idan sanyin Madina ya shigo, Hajja, kakata ta wajen uba, takan sa a haura mata da kaskon gawayi saman soro. Da an idar da magariba sai mu zagaye ta, butar shayi na huci a gefen garwashi. Da Hausar Agadas take mana magana, mu kuwa rabi da Larabci muke amsawa, har sai ta harare mu. In ta gyara mayafi ta ce, "Ku matso, ga wata ta taho," kowa yakan nutsu.

Labarin da ya fi hana ni sakat shi ne na madugu Agali. A cikin duwatsun Azbin, in ji ta, akwai wani falalen dutse a hanyar ayarin gishiri. Wasu mutane da ba wanda ya san su sun sassaƙa dabbobi a jikinsa tun kafin a san rubutu, shanu masu dogayen ƙaho da raƙuman dawa, duk sun fuskanci kwazazzabo ɗaya. Fatake sun san can rijiya take.

Agali ya bi dabbobin har rijiyar, ya sha, ya cika salkunansa. Sai ya tuna da wani ayari da ke bayansa, wanda zai iya karya masa kasuwa. Ya koma da gatari ya kankare kawunan dabbobin.

"Ƙaninsa ya riƙe masa hannu," in ji Hajja, "ya ce, Yaya, ba kai ka zana su ba. Ya fizge."

A hanyar dawowa guguwa ta rufe su kwana uku, ta shafe duk wani sawu. Da ta lafa suka lallaɓo gindin dutsen, salkuna a bushe. Kwazazzabai sun kewaye su, duk kama ɗaya, dabbobin kuma babu kai. A ƙarƙashin zanen ga mutanen ayarin baya zaune a jere, sun jingina da dutse, yashi ya cika musu baki, idanunsu a buɗe.

Hajja ta juya garwashi.

"Agali fa, ya Hajja?" na tambaya.

"Ya zaɓi kwazazzabo ɗaya ya shiga, ƙanin ya shiga wani. Ƙanin ne ya ba kakana labarin."

Na yi makonni ina ganin waɗannan idanun a duk bangon da na kalla.

Yanzu a filin jirgi nake aiki, ina tura tsofaffin alhazai a keken guragu. Wata rana wani dattijo daga tsaunukan ƙasar Bolibiya ya nuna min hoto a wayarsa: dutsen ƙasarsu, an sassaƙa wasu dabbobi kamar ƙananan raƙuma marasa tozo, a jere, mutum na jan su da igiya. Ɗansa ya ce min da Larabci a tsoffin zangon fatake ake samun irinsu.

Ina yaro gawarwakin nake tsoro. A ranar na gane abin da Hajja take tsoro: mutum ya tarar da alherin da baƙo ya bar wa baƙo, ya amfana, sannan ya goge shi don kada na baya ya samu.