Kwanon da Mma Awabu Take Turewa

Duk wanda ya saba bin titin Nima a Accra da sassafe ya san Mma Awabu mai koko. Ko bai san sunanta ba, ya san muryarta. Gajera ce, baƙa, mai ƙarfin hannu, kuma bakinta ba ya hutawa. Tana zuba koko tana tambayar lafiyar matarka, tana juya ƙosai tana yi wa direban motar haya ta trotro faɗa don ya tsaya yana tura mata hayaƙi. In Ba'ashante ya tsaya ta jefa masa Twi kaɗan, in mutumin Ga ne ta tsokane shi da yarensa, amma da ya karɓi kofinsa sai ta koma Hausarta. Shi ya sa da ciwon shanyewar jiki ya kayar da ita, ta farfaɗo babu Hausa ko kalma ɗaya a bakinta, 'yarta Rafi'atu ta rasa inda za ta sa kanta.

Awabu ba Bahaushiya ba ce. 'Yar Busanga ce daga wani ƙauye can arewa, wajen Bawku. Tana budurwa ta zo Accra a bayan motar albasa, ta shiga dakon kaya a kasuwar Maamobi da baho a ka, ba ta jin abin da kowa yake faɗa. Gidan hayar da ta samu ɗaki, akwai Kotokoli, akwai Dagomba, akwai Mosi da Zabarmawa, kowa da yarensa a cikin ɗakinsa. Amma da an fito tsakar gida sai Hausa, don ita kaɗai ce kowa yake ji. A layin famfo Awabu ta koya. Zagi ta fara iyawa, don shi aka fi yi a wurin, sai ciniki, sai gaisuwa mai tsawo, daga baya addu'a.

Da Hausar famfo ta auri Mutawakilu, Bazabarme daga Nijar mai sayar da gawayi. Shi tasa Hausar cikakkiya ce, ya yi ta yawon kasuwanni kafin ya zo. Ita kuwa irin ta Nima ce, wadda mace ma "ya zo" ake ce mata. Har ya koma ga Allah bai daina yi mata dariya ba.

"Awabu, Hajiya mace ce. Ta zo ake cewa."

"Ka gane ko ba ka gane ba?"

"Na gane."

"To sha kokonka."

Ba ya jin Busanga, ba ta jin Zabarma, don haka 'ya'yansu suka tashi da Hausa kaɗai, da Turancin makaranta da Twi na kan titi. Iyayen Awabu sun rasu tun da wuri, ba ta sake komawa ƙauye ba. Rafi'atu ba ta taɓa jin uwarta ta yi hira da yaren garinsu ba, kuma ba ta taɓa ganin hakan wani rashi ba ne. A Nima haka gidaje da yawa suke.

Da aka sallamo Mma Awabu daga asibiti, gefen dama duk ya mutu, baki ya karkace. Tana magana, sosai ma, amma da wani harshe mai nauyi da ba wanda ya gane a gidan. Likita ya ce ciwon yakan yi haka, a yi haƙuri. Ya kuma ce a rage mata gishiri da mai. Rafi'atu, babbar mace mai 'ya'yanta, ta ɗauki maganar likita da gaske har ta wuce gona da iri. Ta sayi sabon kwano mai murfi na Mma kaɗai, ta hana kowa taɓa shi. Tukunyar Mma daban, miyarta daban. Ta dawo daga wajen koko a guje, don yanzu ita ke riƙe da sana'ar, ta tsaya a kan uwar da cokali, rabin hankalinta a kan ƙosan da ta bari a wuta.

Mma Awabu kuwa ta ƙi ci. Da an kawo kwanon sai ta sa hannun hagu, shi kaɗai ke motsi, ta ture shi wajen Rafi'atu. Ta faɗi wasu kalmomi, kullum su ɗin dai, ta kafe ta da ido. A matso da cokali ta rufe baki gam. In an yi sa'a ta kurɓi ruwa da ɗan koko don a samu a ba ta magani. Matar da take ɗaga tukunyar koko ita kaɗai, sai ga zobenta yana zamewa daga yatsa.

Matan gida kowa ya kawo tasa shawara. Wata ta ce rashin gishiri ne. Wata ta ce aljanu ne ke magana a bakinta, aka kira malam ya yi rubutu. Rafi'atu ta canza tuwo zuwa shinkafa da wake, ta canza zuwa romon kaza, duk kwano ɗaya ne ake turo mata. Ta yi zargin ko yaren garinsu ne ya dawo wa Mma, ta kira wani maƙwabci ɗan Busanga, magidanci mai gyaran babur. Ya saurara, ya sosa kai.

"Anti, ni haihuwar Nima ne wai. Gaisuwa kawai na iya. Kamar namu ne, amma ban ji ba."

Wata rana da azahar haƙurinta ya ƙare. Ta gaji, ƙafafunta sun kumbura, ita kanta ba ta tuna rabonta da zama ta ci abinci ba. Da Mma ta sake turo kwanon gabanta sai ta daka tsawa.

"Mma, me kake so? So kake ka mutu ka bar ni? Ci mana, don Allah!"

Tsohuwar ta dube ta, hawaye suka gangaro ta gefen da ya karkace. Ta sake faɗin kalmomin nan a hankali. Rafi'atu ta fita bayan ɗaki ta yi kuka mai isarta. Tsoro take ji ƙwarai, uwarta na ƙarewa a gabanta tana roƙon wani abu, ita kuwa ba ta san mene ne ba.

Washegari ta rufe wajen koko da wuri ta shiga kasuwar Maamobi, layin masu albasa, tana tambaya rumfa rumfa ko akwai wadda ta taso a ƙauyukan Busanga. Aka nuna mata Hajiya Sabuwa, tsohuwa mai goro a kumatu, wadda ita ma motar albasa ce ta kawo ta. Ta san Awabu mai koko, wa bai san ta ba? Amma da ta ji 'yar Busanga ce sai ta riƙe baki.

"Ei! Awabu namu ne? Shekara da shekaru ina shan kokonsa, da Hausa muke gaisawa. Ban sani ba wallahi."

Ta bar rumfarta a hannun maƙwabciya ta biyo Rafi'atu. Da ta shiga ɗakin ta zauna a bakin katifa, ta yi gaisuwa da yarensu. Idon Mma Awabu ya buɗe. Ta damƙi hannun baƙuwar, magana ta yi ta zuba kamar an buɗe famfo. Sabuwa na amsawa, tana gyaɗa kai, wani wurin ta sa ta maimaita saboda nauyin bakin. Rafi'atu na tsaye a bakin ƙofa, daɗi da kishi sun haɗu mata, ga uwarta na hira, ita kuwa ba ta cikin hirar.

"Kawo abincin mu gani," in ji Sabuwa.

Rafi'atu ta kawo tuwo zafi da miyar ayoyo a kwanon nan mai murfi. Ta tsaya, ta ɗebo da cokali. Hannun hagu ya ture kwanon, kalmomin suka fito. Sabuwa ta dubi Rafi'atu daga sama har ƙasa, ta tofar da goronta a gwangwani.

"Yarinya, yaushe rabonki da abinci?"

"Ni? Hajiya, ba ni ce marar lafiya ba."

"Abin da yake faɗa ke nan. Ya ce 'yata ya rame, ba mai ba shi abinci a gidan nan ne? Ya ce ki zauna ki ci. Tun ranar da kuka dawo shi yake gaya miki." Ta nuna kwanon da haɓa. "A wajenmu uwa ba ya sa abinci a baki ɗansa na tsaye a kansa da yunwa. Kin yi masa kwano shi kaɗai, kina tsaye kamar nas. Ina zai iya haɗiyewa?"

Rafi'atu ta ajiye cokalin. Ta ɗauko buta ta wanke hannu, ta zauna a ƙasa, gwiwarta na taɓa katifar. Ta yanko tuwo, ta dangwali miya, ta kai bakinta. Miyar lami ce, ba daɗi ko kaɗan, ga hawaye na hana ta gani. Tsohuwar na kallon maƙogwaronta har ta haɗiye. Rafi'atu ta yanko wata loma ƙarama ta miƙa mata. Mma Awabu ta girgiza kai, ta sa yatsan hagu ta turo tsokar naman da ke cikin miyar zuwa gefen 'yarta, ta yi magana.

"Me ya ce, Hajiya?"

"Ya ce ba ya sauri. Ki ƙoshi tukuna, zai jira."

Rafi'atu ta ci. Ta ci tuwon, ta ci naman, uwarta na bin kowace loma da ido. Sai da kwanon ya yi rabi sannan ta sake miƙa mata loma, ta ce, "Mma, na ƙoshi."

Sabuwa ta buɗe baki za ta fassara, amma ba ta kai ga faɗa ba. Mma Awabu ta riga ta karɓi lomar.